Duna da ciwon hanta: abun da nake rubutawa tun ranar da ya juya wa kwanonsa baya

4 ga Satumba, 2024

Yau kwana uku kenan karena Duna baya cin abinci yadda ya saba, kuma yau ne hankalina ya tashi da gaske. Na ce bari in fara rubuta komai da kwanan wata, saboda Dakta, likitan dabbobi, ya tambaye ni yaushe abun ya fara, me ya ci, sau nawa ya yi amai, kuma rabin amsar bani da ita.

Ina da 'yar gonar kaji a bayan gari nan wajen Zariya, karnuka uku ne ke min gadi, Duna da Zaki da 'yar karyar da muke kira Ƙyalla. Duna ne babba, shekararsa shida, baƙi wuluk, tun yana ɗan kwikwiyo yake hannuna. Abincinsu mu muke haɗawa bama sayen na buhu, a tuƙa tuwo da garin masara da dusa, a zuba tunkuza, a kwarara romon ƙashi da kayan ciki da muke samowa a kwata, shekara da shekaru haka muke yi ba abun da ya taɓa faruwa.

Ranar Litinin yaron da ke kula da su ya ce min Duna ya shinshina kwano ya koma gefe ya kwanta. Na ce ƙila ya gaji da abu ɗaya ne, a ƙara masa romo. Aka ƙara, ya ci rabi. Washegari aka sa masa harda kan kifi dan dai ya ci. Yau da safe ya yi amai sau biyu, na ɗaga leɓensa sai naga dasashin ya koma ruwan ɗorawa, farin idon ma haka, fitsarinsa kaman baƙin shayi. Shawara ce ƙarara. Dakta ya zo bayan la'asar ya ɗebi jinin su ukun duka, ya sa wa Duna ƙarin ruwa, ledar ruwan a jikin ƙusa muka rataye ta a rumfar bakin ɗakin gadi, ni na riƙe ƙafar har ta ƙare. Karen da baƙo baya iya matsowa kusa da shi yau ko kai bai ɗaga ba da allura ta shiga.

6 ga Satumba

Sakamako ya fito. Dakta ya fara cire abubuwan da aka fi zargi a nan wajenmu, ya duba jinin bai ga cutar da kaska ke sakawa ba, wadda ita ma tana kawo shawara saboda farfasa jini take yi, kuma katin rigakafinsu a cike yake, harda ta ciwon hanta da ta cutar fitsarin ɓera. Abun da ya tashi shine ALT. Wani sinadari ne da ke zaune a cikin ƙwayoyin hanta, in suka fashe sai ya tsiyaye cikin jini, toh yawansa a jini shi ke nuna ana ɓarna a ciki. Na Duna ya ninka iyakar lafiya kusan sau takwas. Abun da ya fi girgiza ni kuwa, Zaki da Ƙyalla da ke ta tsalle-tsallensu lafiya lau a ido, su ma nasu ya hau.

Da ya ga haka sai ya ce, "Alhaji, karnuka uku basa kamuwa da ciwon hanta lokaci ɗaya sai in daga tukunya ɗaya suke ci. Muje ka nuna min sito."

Tun kafin mu isa na san abun da zai gani. Akwai kusurwar da kwano ya yi yoyo a watan Agusta, buhu huɗu na tsohuwar masara suna wajen a ƙasa kan siminti, kuma ni da bakina na ce kar a ba kaji ita dan kar ƙwai ya ragu, a ware wa karnuka tunda su dafawa ake yi, ga masara bana ta yi tsadar da mutum baya iya zubar da ko tiya ɗaya. Dakta ya cusa hannu har gwiwar hannu cikin buhun ya damƙo daga tsakiya, ƙwayoyin sun manne da juna sun yi dunƙule, da wani gari kore-kore mai ratsin ɗorawa a jikinsu, ga warin danshi ya bugo mu. Tunkuzar ma da ya fasa haka cikinta yake.

Ya ce wannan fumfunar ita ce ke zuba gubar da ake kira afilatoksin, kuma masara da gyaɗa su ta fi so, musamman in an ji musu ciwo a gona ko an adana su da danshi. Na ce Dakta ai tafasawa muke yi sosai. Ya ce wuta tana kashe fumfunar amma gubar da ta riga ta zuba tana nan daram, zafin tukunya baya taɓa ta. In ta shiga jiki hanta ce ke karɓarta, a wajen ƙoƙarin sarrafa ta sai ta rikiɗe ta zama wani abu da ya fi ta muni yana manne wa ƙwayoyin hantar yana kashe su, kuma kare yana cikin dabbobin da suka fi rauni a gabanta. Tana kuma hana jini daskarewa, shi yasa ya fara yi wa Duna allurar bitamin K.

Maganar romon nan ita ta hana ni barci. Karen ya ji abun a hancinsa ya ƙi, mu kuma muka rufe warin da romo muka lallaɓa shi ya ci. Dakta ya ce ba ni kaɗai ba ne, an sha ganin haka a wuraren da irin wannan ta faru. Duk da haka dai.

Mun tsayar da tuwon gaba ɗaya daga yau. An ɗebi masarar a leda za a kai gwaji.

9 ga Satumba

Labari ya zaga, kowa da maganin da ya kawo. Wani ya ce garin zogale cokali uku a kunu, wani kurkum da zuma, wani ruwan shuwaka, wani ya ce a daka tafarnuwa a ɗura masa tana wanke jini. Baba mai gadi, wanda tsohon mafarauci ne kuma ya fi ni sanin kare nesa ba kusa ba, ya zo da sassafe da saiwar rawaya a ƙulle a tsumma ya ce, "Alhaji, da wannan muke yi wa shawara magani tun muna yara, a jiƙa a bashi." Na karɓa hannu biyu na ce Baba na gode Allah ya saka da alheri, bari in nuna wa likita tukuna.

Dakta bai raina ta ba, ya san rawaya, ya san mutanenmu sun daɗe suna sha dan shawara. Abun da ya ce shine duk abun da ya bi ta baki, ganye ne ko saiwa ko ƙwayar asibiti, sai ya biya ta hanta ta sarrafa shi kafin ya wuce, toh hantar da take kwance rabi a mace ba lokacin ɗora mata sabon kaya ba ne, balle jiƙon da ba a auna ƙarfinsa ba, na yau ya fi na jiya kauri. Na ga gaskiyarsa. Na koma na yi wa Baba bayani a tsanake, na ce a ajiye saiwar, ya ce ba komai, shi dai karen ya tashi.

Tafarnuwa kam ba ma maganar jira ba ce, ita da albasa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, a dafe ko a ɗanye, in ya ci da yawa su da kansu suna iya jawo shawara. Wannan ya sa na tuna ragowar miyar gida da ake juye musu wani lokaci, na hana. Sannan dan Allah duk mai kare kar ya bashi farasitamol da ka, kai tsaye hanta yake bugu.

Akwai wanda ya ce min duk wannan wahalar a kan kare? Na ce shekara shida yana kwana a waje cikin sanyi da ruwan sama ina barci a gida, kuma ni na zuba masa abun da ya kwantar da shi. Amana ce.

13 ga Satumba

Amai ya tsaya kwana biyu kenan, dan haka Dakta ya fara bashi abu ɗaya tak na tsiro da ya yarda da shi, silimarin. Ana fitar da shi ne daga 'ya'yan wata ƙaya mai fure shunayya da ganye mai ratsin fari da asalinta yankin Bahar Rum ne, Turawa na ce mata milk tisil. A cikin silimarin ɗin ɓangaren da ya fi aiki shine silibin. Ƙwayar da muka samu haɗe take da wani sinadarin da ake kira SAMe, shi ba tsiro ba ne, aikinsa taimaka wa hanta ta ƙera gulutatayon, wato abun da take kashe kaifin guba da shi. Ana bayarwa da safe ciki ba komai, awa ɗaya kafin abinci, kuma ba a fasa ta ba a daka ta. Ni nake tura masa ita can ƙarshen harshe in rufe bakin in shafa maƙogwaro har ya haɗiye.

Na zauna na karanta a kanta sosai dan bana son in ba dabba abu a makance. Binciken da aka fi kafa hujja da shi a kan karnuka an yi shi ne a Jamus aka wallafa a 1984. An ba karnuka wata laimar kwaɗi mai guba da ke cinye hanta, wasu aka yi musu allurar silibin bayan awa 5 da kuma bayan awa 24, wasu aka bar su haka. Cikin 12 da aka bari 4 sun mutu, waɗanda aka yi wa allurar kuwa duk sun rayu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a lura, ta jijiya aka basu, da yawa, kuma cikin awanni kaɗan da shigar gubar. Ba garin da aka barbaɗa a abinci ba ne. Silibin in ya bi ta baki hanji baya tsotsarsa sosai, shi yasa kamfanoni ke haɗa shi da wani nau'in kitse dan ya samu ya shiga jini. Toh buhun abincin kare da za a rubuta wa yana ɗauke da milk tisil ba tare da an faɗi nawa aka zuba ba, gaskiya ni a wajena ado ne kawai na jikin buhu.

20 ga Satumba

Duna ya cinye kwanonsa tas yau, karo na farko. Yanzu shinkafa muke dafa masa da dankalin Hausa da kabewa, da dafaffen ƙwai da ɗan naman kaza mara kitse, kaɗan-kaɗan sau huɗu a rana maimakon tuli ɗaya da dare. Ɗorawar idon ta fara washewa daga gefe.

Na so in yi kuskure. Na sa an sayo hantar saniya a kwata da tunanin hanta ai ita za ta gina hanta, Allah ya sa na kira Dakta kafin a ɗora. Ya ce a'a, hantar dabba cike take da sinadarin jan ƙarfe, kuma hantar kare ita ce ke tara shi tana fitarwa ta matsarmama, in tana ciwo sai ya taru ya ƙara ƙona ta. Akwai ma jinsunan da wannan taruwar kaɗai ke ba su ciwon hanta, irin su Labrado da Dobaman. Yara suka soye hantar suka ci.

Gwajin masara ya dawo, afilatoksin ne, kuma ya wuce ƙa'ida nesa. Ƙa'idar da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa ita ce kar ya wuce kashi 20 cikin biliyan, ka ji ƙanƙantar abun da ake magana a kai. Su ma can da duk injinansu ta ci su, daga Disambar 2020 zuwa 2021 an janye abincin karnuka na wani kamfani daga kasuwa, hukumar ta ce ta samu rahoton mutuwar dabbobi sama da 130 da rashin lafiyar sama da 220, wani samfurin an auna shi ya kai kashi 558 cikin biliyan. Asalin gano gubar ma ta kan dabbobi ne, a 1960 talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Brazil. Wanda ya fi tsaya min a rai shine na Kenya a 2004, can mutane ne, 317 suka kwanta 125 suka rasu, daga masarar da suka noma da hannunsu suka adana da danshi. Na tashi na je na duba buhun da ake ɗiba ana yi mana tuwo a gida. Alhamdulillahi shi daban aka saye shi kuma a bushe yake ƙayau.

27 ga Satumba

Ya yi haushi da daddare da wani mai babur ya tsaya a bakin get. Baba ya kira ni a waya dan kawai in ji.

4 ga Oktoba

An sake gwaji, wata ɗaya cif. ALT ɗin Duna ya sauko ƙasa da rabin inda yake, shawarar ta kusa ɓacewa. Na yi murna sosai, har na fara cewa lallai silimarin ya yi aiki, sai Dakta ya miƙo min takardun sauran biyun ya ce duba nan. Zaki da Ƙyalla ko ƙwaya ɗaya ba a basu ba, abinci kawai aka canza musu, kuma nasu ya dawo daidai gaba ɗaya.

Wannan ya zaunar da ni. Na san nasu ciwon bai kai na Duna ba, kuma ba zan ce ƙwayar bata taimaka masa ba, ina ci gaba da bashi kullum da safe. Amma abun da idona ya gani shine hanta in aka ɗauke mata abun da ke cinta tana iya gyara kanta, Allah ya yi ta da wannan baiwar fiye da sauran kayan ciki. Da na bar masarar nan a tukunya ina zuba silimarin da zogale da kurkum a kai, wallahi da tuni mun binne shi, kuma da ƙila in ce magungunan ne basu da kyau. Kuma ALT da ya sauko ba shi ke nuna hanta ta koma aiki ba, yana nuna fashewar ta ragu ne kawai, shi yasa Dakta ke bin albumin, furotin ɗin da hanta ke ƙerawa da kanta. Na Duna har yanzu yana ƙasa.

18 ga Oktoba

Na shiga Kaduna na leƙa shagon kayan dabbobi dan in ga ko zan koma na buhu. Yanzu kusan kowane buhu da hoton ganye a jikinsa, wannan da kurkum, wannan da koren shayi, wannan da wani abun da ban taɓa ji ba, ga kwalabe a jere an rubuta mai wanke hanta. Yaron shagon ya ce min, "Yallaɓai, wannan duk na ganye ne, ba shi da illa." Na ce masa ƙanena, abun da ya kusa kashe min kare masara ce da gyaɗa.

Kuma ba faɗa nake ba, akwai hujja. Tataccen sinadarin koren shayi da aka gwada a kan karnuka da yawa ciki ba komai ya lalata musu hanta, wasu sun mutu, alhali in da abinci a cikinsu illar bata kai haka ba. Ka ga ƙwayar Duna dole sai ciki ba komai, wannan kuma ciki ba komai ne hatsarinsa, toh ta yaya mutum zai yi wa duka kuɗin goro ya ce ai ganye ne. Man CBD da ake tatsa daga tabar wiwi, wanda Turawa ke ba tsofaffin karnuka dan ciwon gaɓoɓi, a binciken jami'ar Cornell na 2018 an ga yana ɗaga wani sinadarin hanta da ake kira ALP. Kurkum na miya daban, na kafso da aka tace aka haɗa da baƙin barkono dan ya shiga jini da ƙarfi daban, wannan na biyun an samu mutane a Italiya da Amurka da ya taɓa musu hanta. Sai zailitol, wani abun zaƙi da ake sa wa cingam da wasu man gyaɗa na kanti da magungunan ruwa, mutum ya sha lafiya, kare ya lasa sukarinsa ya faɗi hantarsa ta tsaya.

Ban sayi komai ba. Na yanke zan ci gaba da dafa musu da kaina, kuma duk wani ganye da zan ƙara, ɗaya bayan ɗaya zan ƙara shi, da gwajin jini kafin da bayan.

1 ga Nuwamba

Aikin sito ya kammala. An canza kwanon da ke yoyo, an buɗe taga biyu sama dan iska, an jera katakai a ƙasa, buhu baya taɓa siminti baya jingina da bango. Sabuwar masara a kan tamfol muka shanya ta ba a ƙasa ba, muka tsince fasassu da masu baƙi-baƙi da waɗanda ƙwari suka huda. Bani da na'urar auna danshi, sai na yi dabarar gishiri da malaman gona ke koyarwa, a zuba masara a busasshiyar kwalba da busasshen gishiri a rufe a girgiza a bari ya ɗan jima, in gishirin ya manne a jikin kwalbar toh da sauran ruwa a koma rana. Sau biyu muna komawa. Abun da ake nema danshin ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100 ko ƙasa.

Buhu huɗun nan kuwa wani ya zo har gona ya ce in sayar masa da araha zai ba shanu. Na ce a'a. Saniya in ta ci, wani ɓangare na gubar yana fita ta nono, nonon kuma yara ne za su sha a fura. Mun haƙa rami mai zurfi a can ƙarshen gona muka ƙona muka binne, ina tsaye har aka gama. Kuɗi ne masu yawa suka tafi, ban ji daɗi ba, amma ban yi nadama ba.

Damina mai zuwa in Allah ya kai mu zan sa Aflasafe a gonar masara, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar. Dawa ce da aka rina shuɗi aka lulluɓe da irin fumfunar nan amma wadda bata zuba guba, ana watsa kilo 10 a hekta sati biyu zuwa uku kafin masara ta fitar da fure, sai ta riga mai gubar kama wuri.

22 ga Nuwamba

Gwaji na uku. ALT ɗin Duna saura ƙiris ya shiga layi, albumin ya hau, nauyinsa ya dawo har ƙashin haƙarƙarin ya ɓuya, gashin ya fara sheƙi. Ya koma zagayen dare tun satin da ya wuce, duk da Baba ya ce yana riga sauran kwanciya wajen asuba, ga sanyin hunturu ya fara shigowa, na sa an shimfiɗa masa buhu biyu a rumfa. Dakta ya ce ya ƙarasa ƙwayar zuwa ƙarshen Disamba a tsaya, a sake gwaji a Janairu a ga ko hantar za ta riƙe kanta ba tare da ita ba, dan wannan gubar wani lokaci tana barin tabo da baya nunawa sai daga baya.

Tunkuza ta fita daga abincinsu kwata-kwata, ƙwai da suka fashe a gona sun maye gurbinta. Masara ta dawo amma sabuwa, kuma na kafa doka, duk ranar da kare ya shinshina kwano ya juya, ba romo ba kan kifi, a ɗauke kwanon a kira ni.

Maganar zogale kuma mun shirya da Dakta za mu gwada a kan Zaki shi kaɗai tunda shi ya fi su ƙoshin lafiya, ƙaramin cokali ɗaya na garin ganyen da muka shanya a inuwa da kanmu, sati shida, Ƙyalla a bar ta a kan abinci iri ɗaya ba zogale dan a samu abun kwatantawa. Duna baya ciki. Gobe da safe zan kai Zaki a ɗebi jininsa kafin ya ɗanɗani cokalin farko.